Kwana Ta Ashirin da Uku

Akwai wani dattijo mai suna Neville Ashcroft, tsohon shugaban makaranta a garin Sale. Shekara talatin yana magana ana shiru, har ya manta yadda ake sauraron wani.

Da ya yi ritaya sai ya sayi motar gida, irin mai gado da kicin a ciki, don ya cika wa matarsa Lorraine alkawari. Ta tashi daga doguwar jinya, kuma burinta ɗaya ne: ta sake ganin duwatsun Omeo inda aka haife ta.

Kwana biyu tafiya ta yi daɗi. A rana ta uku Neville ya duba taswira, ya ga hanyar masu jigilar katako ta fi gajarta. Suka tsaya shan mai a gindin dutse, Noelene mai gidan man ta leƙo ta taga ta dubi motar sama da ƙasa.

"Yallaɓai, da wannan giwar za ka hau?"

"Shekara arba'in ina tuƙi, ban taɓa ko gogar katanga ba."

"To, Allah ya ƙara. Amma ka kunna oba-oba, rediyon da direbobi ke magana da juna. Kowace kwanar hanya da lambarta a allo. Ka faɗi lambar, ka ce hawa kake. In ka ji mai saukowa ya kusa, ka raɓe. Tirela da kaya ba ta tsayawa don an daka mata tsawa."

Duk mai bin hanyar nan ya san haka. Faɗinta bai wuce mota ɗaya ba, dutse a dama, kwazazzabo a hagu. In direba ya kira lamba ya ji shiru, shirun nan na nufin hanya tasa ce.

Da farko Neville ya bi umarni, amma a tasa hanyar. Ya gyara murya kamar yana gaban taron ɗalibai.

"Barkanku da rana. Ina sanar da ku cewa mun iso kwana ta shida."

Sai wata murya ta ce, "Jama'a, wa ya saki mai karanta labarai a dutse?"

Wani ya karɓe, "Baba kunkuru, kafin ka gama gaisuwa ai na kai Melbourne na dawo."

Dariya ta cika rediyon. Haka direbobin katako suke, ko uwarsu ce ta hau layin sai sun tsokane ta. Lorraine ma ta yi dariya, kuma wannan ce ta fi yi masa ciwo. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Nev, kunna mana. Wasa suke yi."

"Ba zan zauna 'yan tasha suna zagina ba. Ina da ido."

"Idonka yana ganin bayan dutse? Bar ni in riƙa faɗin lambar."

"Na ce a bar shi."

Ta san muryar nan. Ta juya tana kallon itatuwan turare da gajimaren da ke kwance can ƙasa da su. Wallahi wurin yana da kyau, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Can sama, wani direba mai suna Dragan yana saukowa da tirela maƙil da gumagumai. Ya kira ashirin da biyar. Ya kira ashirin da huɗu. Ya tambayi 'yan uwansa ko baba kunkuru ya juya, aka ce an daina jin sa, ƙila ya raɓe yana shan shayi. Ya kira ashirin da uku, shiru, ya shiga kwanar.

Neville ya ga gaban tirela ya cika gilashinsa. Ya murɗa sitiyari hagu, taya ta bar hanya, motar ta gangara ta kife a kan gefen da Lorraine take.

Mutanen da suka yi masa dariya su ne suka sauka da igiya. Su suka yanke ƙofa, su suka kira jirgin ceto. Neville ya fito da yanka a goshi kawai. Dragan ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe Lorraine, ya riƙe hannunta yana cewa, "Mama, tsaya da mu, jirgi na hanya." Ta rasu kafin jirgin ya iso, saura kilomita goma sha biyu ta ga garinsu.

Dragan ya zauna a bakin hanya yana kuka kamar yaro. "Sau uku na kira, baba. Sau uku."

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni dai a wannan karon ban iya faɗin haka ba.

Da 'yar sanda ta zo, ta ga halin da tsohon yake ciki, sai ta nemi sauƙaƙa masa.

"Dattijo, a nan duwatsu suna tare rediyo. Ko naka ya daina kamawa ne?"

Direbobin suna tsaye suna sauraro. Da ya ce e, da ya wanke kansa, Dragan ne zai kwana da zargi a wuyansa. Neville ya dubi bargon da aka rufe matarsa da shi.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ni na kashe rediyon. Dariya suka yi mini."

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai rawanin ba ne yake shan wuyarsa, wanda ke zaune kusa da shi ne. In ka shiga hanyar da ba taka ba, saurari masu ita ko da bakinsu ba daɗi. Ku tura wa duk wanda kuka san ba ya jin gyara, tun kafin ya ɗauki wani a mota.