Saiwar da Dila Bai Ɗanɗana Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A wani daji akwai kukar da kowane mai wucewa ke karta maganin da ya sani a jikinta. Wani ya rubuta, wani ya kankare, har Biri yakan sa hannu don wasa.

Dila yana son suna, amma yana ƙyuyar tonon saiwa. Sai ya haddace na jikin kukar, ya je taron masu magani ya ce, "Jar saiwar bakin rafi tana kashe zazzaɓi."

Bushiya ta ce, "Ka gwada, Malam?"

"Da hannuna na jiƙa, da bakina na ɗanɗana."

Ran nan Dila ya yi tafiya, zazzaɓi ya kama autansa, aka kira Bushiya. Ko da ya dawo, ya tarar ana koke-koke a bakin raminsa.

Ya ce, "Me kika ba shi?"

"Jar saiwarka, Malam. Da a jikin kuka na gani, wallahi ba zan ba ɗan kowa ba. Amma kai ka ce ka ɗanɗana."

Ƙurunƙus kan ɓera, nan ta tsaya.