Layin Bokitai

Jami'in lasisin gidajen haya ya dubi Inna Tabawa, mai gida ɗaki takwas da banɗaki ɗaya, ya ce, "Gobe da sassafe zan zo. In na ga mutum ɗaya a layin wanka, ba lasisi, kwaɗo zan garƙama wa gidan!"

"Mutum ka ce, yallaɓai?"

"Mutum na ce."

Da ya zo, sai ga bokitai takwas jere a ƙofar banɗaki kamar kullum, masu su na ɗaki suna shan koko.

"Inna, wannan ba layi ba ne?"

"Layi ne, ɗan nan. Nuna min mutumin ciki in kore shi."

Ya sa hannu a takardar lasisi yana ƙunƙuni.

Inna ta ce, "In wanka za ka yi, kawo bokitinka. Kai ne na tara."