Sarkin da Yake Karkata Kai Hagu

A zamanin da ya shuɗe an yi wani sarki a Birnin Tsamiya, ana ce masa Tankari, wanda adalcinsa ya yi suna har ƙetaren kogi, alhali kaɗan ne suka san inda yake ɗebo shi. Yana da yaya mai suna Kuluwa, ita ce Magajiyar gari, takan zauna bayan labule ta hagun karagarsa. In shari'a ta rikice sai ya karkata kai ta raɗa masa, shi kuwa ya faɗa da bakinsa a yi masa kirari.

Da Allah ya karɓi ran Kuluwa, sarki ya rame, har yakan manta ya karkata hagu a tsakiyar shari'a, ya ji shiru, ya sunkuya. Bayan sadakar arba'in fadawa suka ce a shafe sarautar Magajiya, domin a cewarsu ko yaron da aka yaye jiya ya san mulki ba na mata ba ne, halitta ce.

Sarki ya kira wazirinsa Mamuda, dattijo mai ƙarancin magana, ya ce, "Waziri, na ba ka kwana bakwai ka gano mini, da wannan sani ake haihuwar yara, ko koya musu ake yi? In halitta ce, zan naɗe tabarmar yayata har abada, ko da zuciyata ba ta so."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kwana ɗaya ya isa, in za ka yarda ka yi kallon wasa."

Washegari da hantsi ya tara yaran unguwa a ƙofar fada, ya ce su yi wasan sarauta yadda suka saba. Nan take wani yaro mai suna Jatau ya naɗa zanen uwarsa ya hau turmi, maza suka rarraba sarautu, mata suka koma gefe suna guɗa. Aka kawo ƙara: akuya ta cinye waken maƙwabci. Sai wata yarinya, Tasalla, da ke miƙa masa ruwa ta yi gunaguni, "Mai akuya ya riƙa ba mai wake nononta mana har kaka!" Jatau ya karkata kai hagu, inda babu kowa, ya kasa kunne, sannan ya maimaita maganarta da babbar murya. Yara suka ɗauki sowa.

Waziri ya ce, "Jatau, me ya sa ka karkata?"

"Haka sarakuna ke yi, Baba. Ta nan hankalinsu yake."

"To wa ke wurin?"

"Ba kowa, labule ne kawai."

Waziri ya juya ga Tasalla ya ce, "'Yata, ke kika yanke hukunci, me ya hana ki hawa turmin?"

Ta yi dariya ta rufe baki. "Kai Baba! Ka taɓa ganin mace a kai? Ni mai kawo ruwa ce."

Sarki ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Shekara ashirin da uku Kuluwa tana ba shi magana yana karɓar kirari, ga shi yau an gaji karkatarsa, ita kuwa ko sunanta ba a gada ba.

Waziri ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarta mini. Ba da shi aka haife su ba, kuma ba malami ya koya musu ba. A zaurenka suka karanta, darasin kuwa da labule aka rubuta shi."

Sarki ya tashi da kansa ya yaye labulen, ga tabarmarta nan har da gurbin da gwiwarta ta yi. Ya faɗa wa jama'a shari'o'in da ta yanke ɗaya bayan ɗaya, ya yi umarni a naɗa sabuwar Magajiya wadda za ta zauna a fili. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri.

Tasalla ta matso tana leƙen tabarmar, ta ce, "Ranka ya daɗe, da gaske akwai mutum a nan?"

Ya ce, "Akwai, 'yata. Sunanta Kuluwa. Faɗi in ji." Ta faɗa, ya sa ta sake faɗa.

Daga ranar aka riƙe a birnin nan cewa farkon adalci shi ne a ambaci mai gaskiya da sunansa tun yana da kunnen ji.