Sunan da Marka Ba Ta Kira

An yi wani mutum a wani ƙauye, tun zamanin da agana ke cin mutane, ana ce masa Nomau. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa Marka. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. In za ta kira shi sai ta ce, "Kai, wannan." Ƙaninsa kuwa tana kiransa Korau, baki cike, har da dariya.

Ku saurara, 'yan'uwa. Nomau ya san al'ada ce, amma sanin bai hana shi ƙishi ba. Ya sa a ransa cewa in ya yi abin kirki, wata rana sunan zai suɓuce mata. Damin geron farko nata ne. Kafin ruwa ya sauka, ɗakinta yake fara baibayewa. Ita dai sai ta kau da kai ta ce, "An gode. Allah ya yi albarka." Shekara ta bi shekara, har furfura ta fara fito masa, yana jira.

Sai agana ta kama shi. Aka yi masa bukka a bayan gari, aka hana kowa zuwa, gonarsa ta koma ciyawa. Marka ce kaɗai ta ƙi jin hani. Kullum da hantsi tana tafe da ƙwaryar kunu, tana dogara sanda.

Wata rana zazzaɓi ya ɗan sake shi. Yana kwance ido a rufe, ta ɗauka barci yake. Ta durƙusa a bakin bukkar tana addu'a ƙasa-ƙasa: "Ya Yesu, ga Nomau. Nomau ɗinka ne, Nomau ɗina ne. Ka bar mini shi."

Ya buɗe ido. "Inna, sai yau? Yau da ko fartanya ba na iya ɗagawa?"

Kunya ta kama tsohuwa, ta ja gyale ta rufe fuska. "Ashe kai ɓarawon ji ne. Wa ya ce maka sai yau? Tun kana goye nake kai wa Yesu sunan nan kowace safiya."

"Duk geron nan da na kawo miki fa?"

"Na ci, ya yi daɗi. Amma ranar da ka zo duniya, dami nawa ka riƙo? Tashi ka sha kunu."

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, don ni ma mai kai dami ne. Da yawanmu haka muke da Ubangiji. Muna azumi, muna baiko, muna kasa kunne, in muka ji shiru mu ce bai gamsu ba tukuna. Alheri ba ladan aiki ba ne, 'yan'uwa. Ya riga aikin zuwa. Ku ci gaba da kawo gero, Ubangiji yana jin daɗinsa, amma ba da shi kuke sayen ƙauna ba. Kai da ka zo yau hannu wofi, kana jin an manta da kai, Almasihu yana kiran sunanka a gaban Uba tun ba ka san kanka ba. Tashi ka sha kunu.