Tsagar Teburin Inna Yalwa

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari can da daɗewa, kafinta ne, ana ce da shi Ilu. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne. Wani bawan Allah ne kawai, da zartonsa da gudumarsa a ƙarƙashin rumfa.

A unguwarsu akwai wata tsohuwa, Inna Yalwa. Idonta ya tafi, mijinta ya rasu shekara da shekaru. Abin da ya bar mata na tunawa wani ɗan tebur ne na katakon maɗaci, irin wanda ake ajiyewa a gefen gado, har ya yi baƙi don tsufa. Sai gara ta ci masa ƙafa ɗaya. Ta aika aka kira Ilu.

Ta ce, "Ilu, ƙafar nan kaɗai za ka sake. Amana na ba ka. Duk ɗakin nan ba abin da nake ji da shi kamarsa."

Ya ce, "In Allah ya yarda, Inna."

To, ku saurara. Ya kai tebur rumfa, ya kifa shi, ya ɗaga guduma zai fitar da ruɓaɓɓiyar ƙafa. Bugu ɗaya, ƙas! Allon saman ya dare gida biyu. Ilu ya dafe kai yana salati. Kwana uku, jama'a, kwana uku tuwo bai wuce masa maƙogwaro ba.

Maƙwabcinsa Barau mai sayar da katako ya leƙo, ya ga abin da ya faru, ya yi dariya.

"Kai ma dai, Ilu! Matar da ba ta gani? Ga maɗaci nan a wajena. Ka yanka sabon allo, ka shafe shi da man gyaɗa, ka turara shi a hayaki. Mai ido ma sai ya rantse. Tsohon kuma ka tura a murhu."

Kada ku zaci Ilu bai ji daɗin shawarar nan ba. Ya ji! Har ya karɓi katakon, har ya auna, har ya ɗora zarto. Kuma kada wani ya yi mini fuskar waliyyai a nan, da yawanmu da tuni mun yanka.

Sai hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Ita ba ta gani. Wanda na ambaci sunansa da na karɓi amanar fa?"

Ya ɗauki ɓari biyun, ya nufi gidan, ƙafa tana ja da baya. Ya yi sallama, ya durƙusa.

"Inna, na yi ɓarna. Teburinki ya tsage a hannuna."

Tsohuwa ta ce, "Miƙo."

Ta bi bakin tsagar da yatsa, a hankali, ta kankara da farce, ta kai hanci. Sai ta fashe da dariya har da tari.

"Ɗan nan, ai tsagar nan ta girme ka! Ni na yi ta. Ina amarya, wata uku da tarewa, dutsen guga ya suɓuce mini a kai. Teburin kuwa na mahaifin Malam maigidana ne. Ina kuka, Malam ya turo ƙofa, ya dafa ƙaro, ya kwaɓa da garin katako, ya liƙe shi. Har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba. Ƙaronsa ne ya gaji. Kullum da safe sai na bi layin nan da yatsa, in yi masa addu'a. Da wani ne ya sake mini allon a ɓoye, da ya raba ni da Malam karo na biyu."

Ilu ya zame ya zauna daɓas, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ba abin da yake iya cewa sai Alhamdulillahi, Alhamdulillahi.

Ta ce, "Tashi ka nemo ƙaro. Amma tsaya ka sha fura tukuna, na ji muryarka ta yunwa ce."

Jama'a, kun ji. Kuskuren da Ilu ya yi kwana uku yana tsoro ashe ba komai ba ne. Ɓoyewar ce da ta zama ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kai tela da ka ƙona rigar mutane, kai makaniki da ka karya abu a cikin inji, ke da kika fasa tukunyar aro: ba ku san abin da mai kaya ya sani game da kayansa ba. Ku je ku faɗa. Ku je yau, tun kafin ku ɗora zarto. Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana.