Laka Tana Jiran Tasallah

Dalilin da ya sa hanyar Kwarin Tukwane take lotsawa duk damina, masu gyara kuma su yi ta jan ƙafa, ku matso ku ji, ku daina zagin bayin Allah.

A da can babu kwalta a wurin. Laka ce a shimfiɗe, kuma a zamanin tana magana. Kowa a garin ta san shi da tafin ƙafarsa. Wadda ta fi so ita ce Tasallah, wata mai ginin tukwane da ke zuwa ɗibar yumɓu da hantsi. Tasallah ba ta taɓa sa fartanya ba sai ta yi sallama.

"Ƙawata, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Tasallah. Yau ƙafarki ta hagu ta yi nauyi. Gwiwar ce?"

"Ita ce, ƙawata. Tsufa ba ya sallama."

Shekara da shekaru suna haka. Rannan 'yar Tasallah ta haihu a wani gari, za ta je ta kula da ita. Ta biyo ta ce, "Kwana arba'in zan yi, ki jira ni." Laka ta ce, "Ina zan je?"

Tasallah tana can aka zo aikin hanya. Ɗanta Barau ne ma shugaban leburorin. Suka zuba tsakuwa, suka malala kwalta, ba wanda ya ce wa Laka uffan. Tasallah kuwa ciwo ya kama ta a can, Allah ya karɓi abarsa. Aka aika sanarwa gida-gida, har ƙauyukan ƙetare, aka manta da ƙawarta.

Da ruwa ya sauka, Laka ta ƙirga kwanaki ta ga arba'in ta wuce. Ba ta jin ƙafar kowa, sai tayoyi. Hankalinta ya tashi. Sai ta yi ƙasa da bayanta, kwalta ta tsage, hanya ta lotsa. Motoci suka maƙale, fasinjoji suka cire takalma suna tsallakawa, ita kuwa tana laluben ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya.

Barau ya zo da mutanensa za su cike ramin. Ya tuɓe takalmi ya shiga ya duba zurfinsa.

"Wannan takun jinin Tasallah ne," in ji Laka. "Barau, ina innarka? Ko na yi mata laifi ne?"

Tausayi ya kama Barau, hawaye ya zubo.

"Tana nan tafe, Inna," ya ce.

Ya fito ya dubi mutanensa. "Ku kwashe kaya. Sai wani mako."

Shi ya sa har yau, da damina ta kankama sai hanyar ta lotsa, Laka tana neman ƙawarta. Masu gyara su zo, su auna, su ce sai wani mako, don ba mai zuciyar rufe ta tana jira. Ni kaina na taka ta ya fi a ƙirga, ta tambaye ni, na ce tana nan tafe. Ku ma in ta tambaye ku, haka za ku ce.