Ƙarafa Biyu a Cikin Akori-kura

Akwai wani manomi mai gonar tumatir a bayan dutse, yana da tsohuwar akori-kura. Ya sa mata manyan tayoyi saboda laka, sai ta rasa ƙarfin hawan tudu. Ya kai ta wurin bakanike domin a canja mata giyar baya kafin tumatir ya nuna.

Bakaniken ya nuna masa ƙarafa biyu masu haƙora, babba kamar faifai, da ƙaramin da ke juya shi. Ya ce, "Maigida, waɗannan tare ake ƙera su, haƙori ya san haƙori. Ko ka sayi na kamfani duka biyu, ko marasa suna duka biyu. Amma kada ka gauraya."

Manomin kuwa mai ganin kansa da wayo ne. Ya ce a ransa, ƙarfe ai ƙarfe ne. Ya sayo babban na kamfani, mai tambari, ya haɗa da ƙarami marar suna. Bakanike ya yi magana har ya gaji, ya ɗaura.

Ba a jima ba motar ta fara kuka daga baya. Manomin ya ji sarai, sai ya ƙara muryar rediyo.

Ranar kasuwa ya loda kwandunan tumatir, wahalarsa ta shekara guda, abincin gidansa. A tsakiyar tudu aka ji ƙara, mota ta tsaya cik. Hanyar kuwa ba mai bin ta. Ya zauna a gefe cikin baƙin ciki, rana tana dukan kayan, yana kallon ruwan tumatir yana ɗiga ƙasa.

Da bakanike ya buɗe giyar, ya ce, "Maigida, ba ƙaramin kaɗai ya mutu ba. Ya cinye babban."

Ma'anar wannan misali ita ce: motar rayuwarka ce. Babban ƙarfen shi ne ibadar da mutane ke gani ran Lahadi, ƙaramin kuwa zuciyarka ce da ke juya kome a ɓoye. 'Yan'uwa, taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya ba Ubangiji bakinsa, ya ba duniya zuciyarsa, har ɗan alherin da yake da shi zai lalace. In kana jin kukan nan a ranka yau, kashe rediyo. Tudu yana gaba, kuma ba kai kaɗai ke cin abin da ka ɗauko ba.